Warin Kofur

Kano, farkon watan Mayu

Zuwa ga ƙanwata Beatrice,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da mutanen Nukkai. Mu nan da sauƙi. Maigidana Malam har yanzu hannu da ƙafar dama ba su dawo ba tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, amma yana cin abinci. Ni nake juya shi, ni nake masa komai. Kunnena kuwa kin sani, a waya sai dai in ji kamar ana zuba ruwa a bokiti. Shi ya sa na ba Njidda direba wannan ya kawo miki, tunda hanyarsa ce.

Maganar 'yata kuma 'yarki Fadila ce. Cikinta ya shiga wata na biyar, kuma kin san biyu sun zube a baya. Likitan da ya duba ta a Jalingo ya ce watannin ƙarshe kada ta yi nisa da asibiti, kada kuma ta yi doguwar tafiya. Mijinta Hayatu aikin gandun daji ya riƙe shi a Serti. Kano ta yi mata nisa, ni kuma ba zan iya barin Malam ba. Na duba dangi kaf ban ga wadda ta kai ki ba. Ubanninmu wa da ƙani ne, tsakar gida ɗaya muka tashi a Sintali, ke ki tafi coci ni in tafi Islamiyya, mu dawo mu sa hannu a kwano ɗaya. Ga shi ke ungozoma ce, kin karɓi haihuwar rabin Jalingo kafin ki yi ritaya. Ina roƙon ki riƙe mini ita har ta sauka.

Sai dai akwai wani abu, kuma na daɗe riƙe da biro kafin in rubuta shi. Ran da Fadila ta biyo ta gaishe ki, kin ga ko zama ba ta yi ba, ta ce sauri take. Ba sauri take ba. Tana fita ta durƙusa bayan katanga ta yi ta amai. Don Allah kada ki ji haushi. Abin da marigayi mijinki Benjamin ya bar miki a gidan nan, dole a san yadda za a yi da shi kafin ta zo.

Yayarki,
Balaraba

Kano, ƙarshen Mayu

Ƙanwata Beatrice,

Ina gaishe ki. Malam da sauƙi, ni ce dai ƙirjina ya yi nauyi.

Njidda ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu wofi. Ya ce a bakin get kika karɓi takardata, kika karanta a tsaye, kika ce ya gaida mutanen Kano, kika rufe ƙofa. Ban san ki da haka ba. Ke da ko faɗa muka yi muna yara sai kin biyo ni har ɗaki kin ƙarasa maganarki.

Hayatu ya fara cigiyar ɗakin haya a Jalingo. Wato yarinyar nan za ta zauna ita kaɗai cikin baƙi da tsohon ciki. In na yi miki laifi ki zage ni a rubuce, na yarda. Shirun nan ne ba na iya ɗauka.

Balaraba

Nukkai, Jalingo, Yuni

Adda Balaraba,

Na gaishe ki, ki gaida mini Malam, Ubangiji ya ɗaga shi. Ni lafiyata ƙalau in ban da gwiwa. Ruwa ya sauka sosai a nan.

Kin ce in zage ki, to ki saurara. Benjamin bai bar mini wani abu mai numfashi a gidan nan ba sai karensa Kofur. Ɗanmu Peter yana can Fatakwal da iyalinsa, sai Kirsimeti nake ganinsa. Kofur kuwa a kwata Benjamin ya tsince shi bayan kasuwa, ɗan mitsitsi, ya sako shi a aljihun tsohuwar rigarsa ta soja. Da ciwo ya kwantar da Benjamin a falo, karen nan bai bar gindin ƙafarsa ba. Har yau a wurin yake kwanciya. Shi nake wa magana da safe. Sai ki aiko mini cewa in san yadda zan yi da shi, kamar tsohuwar taya?

Na yi fushi na gaske. Na ce a raina iyayin mutanen Kano ne, don ni ban taɓa jin warin komai a gidana ba. Ran Lahadi bayan sujada na ja ƙawata Patience gefe, na ce, "Ki gaya mini, gidana yana wari?"

Ta dube ni ta ce, "Gaskiya kike so, ko maganar bakin coci?"

Na ce gaskiya.

Ta ce, "Kin ɗauka don me zumuntar mata ta daina taro a falonki? Mun ce miki Nukkai ta yi nisa. Nukkai ba ta matsa ko'ina ba, Beatrice. In na dawo daga wurinki, zanina a waje nake shanya shi."

Na juya na kama hanyar gida. A makon na tafi Zing bikin 'yar wata abokiyar aikina, na yi 'yan kwanaki, na bar maƙwabta suna ba Kofur abinci. Da na dawo na buɗe ƙofar falo, Adda, sai da na ja da baya. Kamar jiƙaƙƙen tsumma da aka manta a bokiti, haɗe da kifin da ya kwana, haɗe da fitsari. Ashe hancina ne ya saba. Na zauna a kan dakali da jakata a hannu na yi kuka. Ni da nake korar mata daga ɗakin haihuwa in ba su wanke hannu ba, a cikin wannan nake saukar baƙi ina ba su abinci, suna ci don kunya.

Ga matsayata. Kofur ba ya zuwa ko'ina. Amma warin nan ni da shi ne. Ki ce wa Hayatu ya dakata da maganar haya, ya ba ni lokaci.

Beatrice

Kano, Yuni

Ƙanwata,

Alhamdulillahi da na ga rubutunki. Muna lafiya, Malam ya fara ɗaga yatsu.

Ki yafe mini. Wallahi ba Kofur nake nufi ba, warin nake nufi. Kunya ce ta hana ni rubuta kalmar, na yi ta kewaye har na faɗa inda ya fi muni. Ni na isa in ce ki rabu da abin da ya zauna da Benjamin har ƙarshe?

Ga turaren wuta mai kyau na ba Njidda, na gidan amare ne, ki riƙa turara falon safe da yamma.

Amma ki san wata ta taso. Dada, mahaifiyar Hayatu, ta ji cewa akwai kare a gidanki. Ta ce jikanta ba zai faɗo a gidan da kare ke kwana a ɗaki ba, ita ma ba za ta taka ba. So take a kai mata Fadila ƙauyensu can tsallaken kogi, inda sai an shiga kwale-kwale kafin a ga asibiti. Hayatu yana tsakanin uwarsa da likita, kin san kuma Bafulatani da maganar uwarsa. Ki yi abin da za ki iya da wuri.

Balaraba

Nukkai, Yuli

Adda,

Gaisuwa a gurguje, Njidda yana ta danna hon a waje. Lafiya muke.

Turarenki na gode, amma bai yi ba. Falon ya koma warin karen da zai je biki. Na wanke, na goge, na fesa duk abin da ake fesawa, da an yi ruwa iska ta yi sanyi sai warin ya dawo sabo.

Don haka tsohon nan na Benjamin dai ya tafi. Jiya wasu mutum biyu suka zo da Keke Napep, suka ɗaure shi da igiya. Da ƙyar ya fita ta ƙofa, sai da aka ja shi. Na shige ɗaki don kada in ga tafiyarsa. Na yi hawaye, amma don Fadila ne. Sauran bayani sai na huta.

Beatrice

Kano, Yuli

Beatrice,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban ma san ta inda zan fara gaisuwa ba.

Me kika yi haka? Ba na rubuta miki da hannuna cewa ba shi nake nufi ba? A Jalingo na girma, na san inda masu ɗaure kare da igiya suke kai shi, na san kuma ba ya dawowa. Tun da na karanta takardarki abinci ya ƙi shiga. Malam da ba ya iya magana sosai sai kallona yake yana tambaya da ido.

Ni ban taɓa shafa kare ba a rayuwata, amma dabbar nan amana ce, ta tsare ki ke kaɗai a gidan nan shekara da shekaru. Idan saboda 'yata aka yanka shi, da wane ido zan dube ki? Don girman Allah, in kin san mutanen ki bi su. Na ce wa Njidda ya ajiye lodi ya kai ki duk inda ya kamata. In an riga an makara ki gaya mini gaskiya.

Balaraba

Nukkai, ƙarshen Yuli

Adda Balaraba,

Ina gaishe ki da Malam. Ki share hawayenki ki ci abinci. Na yi dariya har gwiwata ta daina ciwo, Njidda ma sai da ya zauna a ƙasa.

Kafet ne, Adda! Jan kafet ɗin falo da Benjamin ya sayo tun kafin a haifi Peter, shi ya sa muke ce masa tsoho. Shi aka naɗe aka ɗaure da igiya, aka kai bola aka ƙone. Kofur yana nan, yanzu haka yana kallona ina rubutu. Laifina ne da na rubuta a tsaye. Amma na ji daɗi da na ga wadda ba ta taɓa shafa kare ba ta yi masa kuka.

Bari in ba ki labarin yaƙin. Da aka ɗaga kafet, simintin da ke ƙasa ya yi baƙi a wurin da Kofur ke kwanciya. Shekarun nan da ya tsufa ashe fitsari yana kufce masa, yana ratsa kafet yana shiga siminti, ni ina share sama. Ban zuba bilic ba, don mun san a asibiti in ya haɗu da fitsari tururinsa yana shaƙe mutum. Ruwan zafi da omo na fara sawa da buroshi, ina durƙushe. Ya bushe, na bi shi da ruwan khal mai tsamin nan. Ya bushe, na barbaɗa bekin soda, hodar nan ta masu yin burodi, na bar ta ta kwana, na share. Na maimaita har na daina ƙirgawa. Soson kujeru na zubar, aka yanko sabo. Rigunan kujeru da labule na wanke su, ina shanyawa ina kwashewa, ni da hadari muna tsere. Bango ma, daidai tsayin Kofur inda yake goga jikinsa, ya yi maiƙo. Na kankare aka sake fenti. Na zuba gawayi a kwanduna na ajiye kowane lungu, yana shanye abin da ya rage. Tagogin da Benjamin ya rufe saboda sanyi lokacin ciwonsa, sai yanzu na buɗe su.

Shi kuma mai gayya na kai shi wurin likitan dabbobi. Likitan yana ɗaga kunnensa ya kawar da kai. Kunnuwan sun ruɓe daga ciki, ga haƙori ɗaya da ya lalace. Wai rabin warin daga nan yake. Ina ganin yana girgiza kai ina cewa tsufa ne, ashe ciwo yake ci shiru. An cire haƙorin, ina ɗiga masa magani, ina masa wanka duk mako. Ki ga yadda yake tsalle yanzu.

Abin da ya fi wuya shi ne hana shi shiga. Kafinta ya yi masa ɗan ɗaki ƙarƙashin mangwaro. Ranar farko ya tsaya a ƙofar falo yana kuka yana kartar ƙofa, ni ina ciki ina toshe kunne. Da na kasa jurewa, na ɗauko kujerata na fita wurinsa. Yanzu kullum da yamma a gindin mangwaro nake cin tuwona, yana kwance kusa da ni. Ya haƙura.

Na je wurin matar limamin unguwarmu ta koya mini yadda kuke tsarkake abin da kare ya lasa. Na yi yadda ta ce, na kuma sayi sababbin kwanuka da buta na Fadila.

Da na gama na kira Patience, tunda hancina ba abin yarda ba ne. Matar nan da girmanta ta rarrafa falon tana shinshina kamar ita ce Kofur. Ta tsaya a gindin kabad ta ce, "Nan akwai saura." Ƙafar katakon ce ta sha. Muka sa aka yanke ƙafafun aka sa na ƙarfe. Ta sake zagayawa, ta miƙe ta karkaɗe gwiwa ta ce, "Ran Alhamis zumunta a nan za ta zauna." Sun zo, Adda. Har wadda ba ta zuwa taro ta zo ganin ido.

Ki turo mini 'yata.

Beatrice

Kano, Agusta

Ƙanwata,

Gaisuwa da godiya. Na karanta wa Malam takardarki, da na kai wurin kafet ya yi dariya da rabin bakinsa. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ya kwanta. Ni kuwa kunya kamar in shige ƙasa.

Hayatu ya yanke shawara, zai kawo Fadila ran Asabar. Ya ce wa Dada maganar likita zai bi, ta yi masa shiru, wanda a wurinta ya fi faɗa. Har yanzu tana kan bakanta cewa ba za ta shiga gidanki ba, ko da ranar suna. Kada ki sa a ranki. Abin da nake roƙo Allah ya sauke Fadila lafiya.

Allah ya saka miki, ya ba gwiwarki lafiya.

Balaraba

Nukkai, Satumba

Adda Balaraba, kakar yarinya,

Barka, barka, barka! Na san Hayatu ya riga ya sanar da ku ta waya, amma na san ba a faɗa miki yadda nake so ki ji ba. Uwa da 'ya suna lafiya, ni ma haka. Ki gaida Malam.

Ran da Fadila ta iso, ina ta leƙen get kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ta sauko daga mota da ƙyar, ta tsaya a ƙofar falo riƙe da bakin mayafi kusa da hanci. Na ga ta ja numfashi kaɗan, ta sake ja da ƙarfi, sai ta saki mayafin. Ta ce, "Mama, miyar kuka kika yi? Yunwa nake ji." Ta cinye, ta nemi ƙari, ta yi barci a kan doguwar kujera. Tun daga ranar ko sau ɗaya ba ta yi amai ba.

Naƙudar ta zo kafin lokacinta. Muna tsinke zogale da hantsi na ga ta dafa ƙugu, na duba na ga jini. Ban jira kowa ba, na tare mota muka tafi. Kafin azahar an shiga da ita tiyata. Likita ya ce da an yi jinkiri kaɗan da labarin ya canza. Na tuna kwale-kwalen tsallaken kogi, na zauna a benci na gode wa Ubangiji da babbar murya, ban damu da masu kallo ba. Yarinya ƙarama ce amma muryarta ta cika ɗaki. Sunanta Kadijatu.

Ranar suna gidan nan ya cika. Matan zumunta suna tuƙa tuwo, dangin Hayatu suna dama fura, Kofur na ɗaure shi a ɗakinsa da ƙashin rago, bai ce uffan ba. Dada ta zo, amma ta shimfiɗa tabarmarta a waje bakin get, ta ce a kawo mata jaririyar nan. Na fita na durƙusa na gaishe ta da ɗan Fulatancin da na tsinta a asibiti, na kai mata ruwa a sabon kofi. Ta karɓa ba ta sha ba.

Wajen la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Kowa ya ruga ciki ban da Dada. Hayatu ya tsaya a kanta da lema yana roƙo da Fulatanci, "Dada, useni," wato don Allah. Sai da zaninta ya fara jiƙewa ta tashi. Ta shigo falo tana taka ƙasa kamar akwai ƙaya. Ta tsaya tsakiya, ta dubi bango, ta dubi siminti, hancinta yana motsi. Ta tambayi Fadila da Fulatanci ina karen yake kwana, Fadila ta nuna mata gindin mangwaro ta taga. Ta ce wa ya wanke ƙasan nan. Fadila ta ce, "Mama ce, da gwiwarta, yadda addini ya ce."

Tsohuwar nan ta daɗe tana kallona. Sai ta ce a ba ta buta. Ta yi alwala a baranda, ta dawo ta tambayi gabas. Na ce bari in ɗauko darduma, ta ɗaga mini hannu. Ta warware ɗan siririn gyalenta ta shimfiɗa a kan simintin, daidai wurin da ya fi ba ni wahala, ta ta da salla. Ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu na ga goshinta da hancinta sun sauka a ƙasan nan. Patience ta matse mini hannu har ya yi ciwo.

Da ta sallame ta miƙa hannu aka ɗora mata jikarta. Ta dube ni ta ce da Hausarta mai kauri, "Ruwan da kika kawo mini ɗazu, ina yake?"

Ta sha, ta kwana, kuma har yau ba ta yi maganar tafiya ba. Da safe ita ke riƙe Kadijatu ni ina haɗa ruwan wanka, muna gardama a kan zafinsa.

Taki har kullum,
Beatrice